Ɗana Ya Yi Ƙiba, Yana Gyangyaɗi A Aji, Karatunsa Kuma Ya Ja Baya

Wata baiwar Allah daga unguwar Gwammaja a nan birnin Kano ta aiko mini da wannan saƙo, na kuma taƙaita shi kamar haka:

"Assalamu alaikum, Anti. Ina da yaro ɗan shekara 15, yana aji biyu na babbar sakandare. Cikin shekara biyu ya yi ƙiba sosai, har sau biyu ana sake ɗinka masa kayan makaranta. A da ba ya wuce na biyar a ajinsu, yanzu ya koma na talatin da wani abu. Malamin ajinsu ya ce kullum cikin gyangyaɗi yake, malamin Islamiyya kuma ya ce haddarsa ta zube. Ba ya kwanciya sai wajen ƙarfe 1 na dare yana riƙe da waya, kafin nan kuma sai ya je wurin mai shayi an dafa masa indomi da ƙwai ya haɗa da lemo. Idan ya kwanta, minsharinsa har tsakar gida ake ji. Bayan wuyansa ya yi baƙi, na dirje da soso har na gaji bai fita ba. Babansa ya ce teɓa ce ta toshe masa ƙwaƙwalwa, ya ce a hana shi abincin dare, kakarsa kuwa ta ce ƙiba lafiya ce, a ƙyale mata jikanta. Ƙannensa suna kiransa Tulu. Wata maƙwabciya ta kawo mini shayin rage ƙiba. Da gaske ƙiba tana dakushe basirar yaro? Me zan yi?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwata. Allah Ya raya miki zuri'a, Ya shirya mana su baki ɗaya. Na lura daga farkon saƙonki har ƙarshensa ba ki kama sunan yaron ba, sai na fahimci ɗan fari ne, kuma na san irin nauyin da uwa take ɗauka kafin ta buɗe baki ta yi magana a kan ɗan fari. Saboda haka ba zan ja miki rai ba: basirar yaronki tana nan ba ta je ko'ina ba. Yaron da ya yi shekaru yana cikin biyar na farko a ajinsu bai wayi gari ya zama daƙiƙi ba. A cikin duk abin da kika rubuta, abubuwa biyu ne suka fi tsaya mini a rai fiye da ƙibar kanta, su ne ƙarfe 1 na dare da kuma minsharin da ake ji har tsakar gida. Daga nan nake so mu fara, domin a ganina can ne bakin zaren yake.

Mu yi lissafi tare. Yaro ya kwanta ƙarfe 1, an tashe shi sallar asuba wajen biyar da 'yan mintuna, wataƙila ya ɗan koma ya runtsa kafin a sake tayar da shi ya yi shirin makaranta. Idan aka tara duka, da ƙyar ya sami awa 5, ita ma a gutsure. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da matsaya a shekarar 2016 cewa matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowane yini da dare. Ke nan ana bin yaronki bashin aƙalla awa 3 kullum, wato fiye da awa 20 a mako guda. Barci ɓarawo ne, kamar yadda muke cewa, kuma idan an hana shi haƙƙinsa da dare sai ya biyo mutum har cikin aji ya karɓa a gaban malami.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, karatun da yaro ya yi da rana ba ya gama zama a kansa sai ya kwanta. Akwai wani sashe a can cikin ƙwaƙwalwa da yake riƙe sabon abin da aka koya na ɗan lokaci, kamar allon da ɗalibi ya rubuta bai riga ya haddace ba. A cikin barci mai nauyi ne ƙwaƙwalwa take maimaita wannan sabon karatu, ta mayar da shi ma'ajiyar da zai daɗe, sannan ta wanke allon domin rubutun gobe. Tun a shekarar 1924 wasu masana biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka, Jenkins da Dallenbach, suka gwada hakan: suka ba ɗalibai wasu kalmomi su haddace, suka kuma tarar cewa abin da ɗalibi yake iya tunawa bayan ya yi barci ya fi abin da yake tunawa idan ya shafe adadin awannin nan idonsa biyu. Malamanmu na hadda sun daɗe da sanin wannan a aikace, shi ya sa za ki ga ɗalibi ya biya shafinsa da dare yana tuntuɓe, ya kwanta, da asuba ya kawo shi tas. Yaron da ba ya samun wannan barci, ko ya zauna da littafi awa uku, tamkar mai zuba ruwa a kwando ne. Ga kuma sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake bayan goshi, shi ne mai kula da nutsuwa da tsara tunani da kame kai daga abin da rai yake so. Wannan sashe ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20, kuma yana cikin sassan da rashin barci yake fara raunanawa. Zubewar hadda da gyangyaɗi da kasa bin lissafi har ƙarshe, duk alamominsa ne.

To ina ƙiba ta shigo? Ta ƙofa biyu, kuma ina so ki riƙe su duka, domin ƙarancin barci da ƙarin nauyi tare suke tafiya kamar tif da taya.

Ƙofa ta farko ita ce yunwa. A jikin ɗan Adam akwai sinadarai biyu da suke aika wa ƙwaƙwalwa saƙo game da abinci. Ɗaya ana kiransa leptin, shi ne yake cewa an ƙoshi, ɗayan kuma girelin, wanda yake fitowa daga tumbi yana cewa ana jin yunwa. A shekarar 2004 masu bincike a Jami'ar Chicago, ƙarƙashin Farfesa Eve Van Cauter, suka ɗauki samari lafiyayyu 12, suka taƙaita musu kwanciya zuwa awa 4 na dare biyu kacal. Sinadarin ƙoshi ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, na yunwa ya ƙaru da kashi 28, kuma abin da samarin suka fi kwaɗayi shi ne kayan zaƙi da kayan gishiri da abinci mai sitaci. Dare biyu ke nan. Yaronki ya shafe watanni a haka. Saboda haka idan kin ga ya nufi teburin mai shayi ƙarfe 11 na dare bayan ya ci tuwo a gida, kada ki ɗauka zari ne kawai ko rashin godiya. Jikinsa ne yake faɗa masa yana jin yunwa alhali bai kamata ya ji ba, sashen da zai taka masa burki kuma a gajiye yake. Da gari ya waye kuma jiki ya yi lis, babu ƙarfin zuwa ƙwallo, sai kwanciya da waya.

Ƙofa ta biyu ita ce wadda ta fi damuna, wato minshari. A gidajenmu mun ɗauki minshari alamar barci mai daɗi, har mukan ce wane ya samu barci. A jikin yaro mai ƙiba kuwa, minshari mai ƙarfi na kusan kowane dare yakan zama alamar cewa hanyar iska tana toshewa. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro yana saki. Idan kitse ya taru a wuya da gindin harshe, ko kuma ƙwayoyin nan biyu na gefen maƙogwaro da likitoci suke kira tonsil sun yi girma, sai hanyar ta ƙuntata, wani lokaci ta rufe gaba ɗaya na wasu daƙiƙoƙi. Iskar da take cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tayar da mai barcin ya ja numfashi, ya koma, kuma da safe ba zai tuna ko ɗaya ba. Hakan yana iya faruwa sau da dama a cikin awa guda. Na taɓa kwana a gidan wata ƙanwata, aka shimfiɗa mini kusa da ɗakin samarinta, minsharin ɗaya daga cikinsu ya hana ni runtsawa, sai na tashi na leƙa da fitilar waya. Yaron yana kwance rigingine, baki a buɗe, matashin ya jiƙe da gumi. Can sai minsharin ya ɗauke ɗif, amma ƙirjinsa yana ta ɗagawa yana lotsawa kamar mai kokawa da wani abu, iska ba ta shiga. Na ƙirga a zuciyata har sha biyar, sannan ya yi wani irin gurnani ya zabura ya juya. Ban ƙara ɗaukar minsharin yaro da wasa ba tun daga wannan dare. Wanda yake cikin wannan hali, ko ya kwanta awa 9, zai tashi kamar wanda ya kwana a tasha.

Tasirin wannan ga karatu tabbatacce ne. A shekarar 1998 wani likitan yara a Amurka, Dakta David Gozal, ya duba 'yan aji ɗaya na firamare waɗanda suka fi kowa rauni a azuzuwansu, ya tarar kusan ɗaya cikin biyar suna da matsalar numfashi a cikin barci. Waɗanda aka yi musu aikin maƙogwaro sakamakonsu ya ɗaga a shekarar da ta biyo baya, waɗanda ba a yi musu ba kuwa suka tsaya inda suke. Yaran nan sun fi naki ƙanƙanta, amma darasin ɗaya ne: da yawa daga waɗanda ake yi wa kallon marasa ƙoƙari, numfashinsu ne yake yankewa da dare ba wanda ya sani.

Don haka aikinki na farko, tun kafin ki taɓa kwanon abincinsa, shi ne ki saurari barcinsa. Tunda saurayi ne, zai fi kyau babansa ya yi wannan, ko ku yi tare, kuma a sanar da yaron tun da rana domin kada ya ji ana yi masa leƙen asiri. Bayan ya yi kamar awa ɗaya da kwanciya, a zauna kusa da shi na minti goma ko ashirin, a ɗauki minti biyu ko uku a waya. A lura ko numfashin yana ɗaukewa, ko yana shaƙewa ya zabura, ko yana yawan juye-juye da gumi. Da safe a tambaye shi ko yana tashi da ciwon kai ko bushewar baki, da kuma sau nawa yake tashi fitsari. Da wannan bayani za ku je asibiti. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da sashen yara da na kunne da hanci da maƙogwaro, akwai kuma Asibitin Murtala da Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa, kuma likitan asibitin unguwa ma zai iya dubawa ya tura ku inda ya dace. Ina roƙonki da girman Allah, idan wani ya ce beli ne a kai shi wurin wanzami a cire, kada ki yarda. Cire beli ba ya buɗe hanyar da ta toshe, yana kuma iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Baƙin bayan wuyan nan da kika dirje, ki ajiye soson, ba dauɗa ba ce. Idan fatar wurin ta yi duhu ta yi kauri da laushi kamar karan-miski, wani lokaci har a hammata, likitoci suna ɗaukarta alamar cewa jiki ya fara ƙin sauraron insulin, sinadarin da yake shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Wannan bai nuna yana da ciwon sukari ba, gargaɗi ne da ya zo da wuri, kuma baƙin yakan dusashe idan nauyi ya daidaita. Ki nuna wa likita, ki nemi a auna sukarin jininsa da hawan jini, a auna tsayinsa da nauyinsa a kan jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanada don 'yan shekara 5 zuwa 19, domin ba a auna ƙibar yaro mai tasowa da ma'aunin manya, ba a kuma auna ta da ido. Ki kuma tuna ko ya taɓa shan wani magani na tsawon lokaci, musamman irin ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe ko wasu magungunan asma da ƙaiƙayi da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, domin wasunsu suna kumbura jiki.

Yanzu ga amsar tambayarki kai tsaye, wadda ita ce kuma amsar maganar babansa. Kitse ba ya hawa kai ya toshe ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne idan aka gwada yara masu yawa, masu ƙiba a jimlace sukan ɗan gaza takwarorinsu a gwajin nutsuwa da kame kai, amma tazarar ƙarama ce, kuma a cakuɗe take da ƙarancin barci da rashin motsa jiki da irin abincin da ake ci da kuma ƙuncin da tsokana take jefa yaro a ciki. Kowannenmu ya san mai jiki da ya yi zarra a karatu, ya kuma san siriri da ya sha ƙasa. Ita ma kakarsa, Allah Ya ƙara mata lafiya, maganarta tana da asali, domin ta tashi a zamanin da ramar yaro ita ce abin tsoro, kuma har gobe akwai gidajen da yunwa ce matsalarsu. Sai dai zamani ya kawo wata sabuwar jarrabawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 1990 kashi 8 cikin ɗari ne na yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 suke da nauyin da ya wuce kima, amma zuwa 2022 sun kai kashi 20, wato fiye da miliyan 390. A lallaɓa ta, a nuna mata cewa ba ramar da jikanta ake son yi ba, numfashinsa ake son gyarawa, kuma ina kyautata zaton ita ce za ta fi kowa tsayawa a kan lamarin idan ta ji sautin da kuka ɗauka.

Sai batun gyaran dare, kuma a nan sai an yi wa yaron adalci. Idan yaro ya shiga shekarun balaga, agogon jikinsa yana ja baya. Sinadarin melatonin, wanda yake sauko da barci idan duhu ya yi, yana jinkirta fitowa da kamar awa ɗaya zuwa biyu a kan yadda yake a ƙuruciya. Farfesa Mary Carskadon ta Jami'ar Brown tana cikin waɗanda suka tabbatar da haka tun shekarun 1990, kuma saboda irin wannan bincike ne jihar Kalifoniya ta yi doka a 2019 cewa manyan makarantun sakandare na gwamnati kada su fara darasi kafin ƙarfe 8:30 na safe. Mu a nan ba za mu ɗage asuba ba, ba kuma za mu sauya lokacin makaranta daga ɗakinmu ba, saboda haka abin da yake hannunmu shi ne farkon dare. Halitta ta tura shi zuwa ƙarfe 10 ko 11, waya ce ta ƙarasa da shi ƙarfe 1. Hasken fuskar waya yana ƙara jinkirta barci, abin da yake cikinta kuma ya fi hasken illa, domin hira da bidiyo da wasa ba su da ƙarshen da zai ce wa yaro ya isa. Ga datar dare mai araha da take farawa daga sha biyu, ga wasannin ƙwallon Turai na tsakiyar mako da ba sa tashi sai wajen 10 ko 11.

Kada ki ce masa daga yau ƙarfe 9 zai kwanta, domin zai kwanta ne ido biyu ya yi ta juyi, ya kuma yanke cewa abin ba mai yiwuwa ba ne. A riƙa matso da lokacin da rabin awa duk bayan kwana uku, har a kai 10, in da hali tara da rabi. Waya ta kwana a ɗakinki tana caji, awa ɗaya kafin lokacin kwanciya, kuma dokar ta hau kan kowa, har ke da babansa gwargwadon iko, domin yaro ɗan shekara 15 ba ya bin dokar da ya ga masu yin ta suna takawa. A bar masa dare ɗaya a mako na kallon ƙwallo, a yi yarjejeniya da shi a kan wanne ne. Addininmu ma ya riga mu a nan, domin ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son barci kafin isha da hira bayanta. Daga la'asar zuwa dare a nisanta shi da shayi mai kauri da kofi da goro da lemon kola, domin sinadarin kafeyin mai hana barci da yake cikinsu yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Lemon ƙarin kuzari kuwa, wanda samari suke sha wai don su yi karatun dare, a raba shi da shi ɗungurungum. Na san zafin Kano daga Maris zuwa Mayu, ga rashin wuta, yana hana babba ma barci. Wanka da ruwan sanyi kafin kwanciya da shimfiɗa a inda iska take ratsawa cikin gidan sauro suna taimakawa, kuma mai minshari ya fi samun sauƙi idan ya kwanta a gefe maimakon rigingine.

Idan ya kwanta ƙarfe 10 ya tashi biyar da kwata, ya sami awa 7 da ɗan ɗori. Cikon sai ya fito daga ƙailula, minti 20 zuwa 30 bayan ya dawo daga boko kafin ya tafi Islamiyya, amma kada ta wuce haka kuma kada ta kai bayan la'asar, domin doguwar ƙailula ita ce take cinye barcin dare. Da safe ya fita ya ga hasken rana da wuri, domin hasken safe shi ne yake dawo da agogon jiki gaba. Ranakun da babu makaranta kuma kada a bar shi ya yi ta barci har azahar, awa ɗaya ko biyu na ƙari sun isa.

Game da hana shi abincin dare, ki roƙi babansa ya janye wannan hukunci. Yaron yana kan girma, ƙashinsa yana tsawo, kuma wanda aka kwantar da yunwa ko dai ya kasa barci ko ya fita ta bayan gida ya nemi abin da ya fi tuwon illa. Sau da yawa abin da likita yake nema ga mai shekarunsa shi ne nauyin ya tsaya wuri ɗaya tsayi ya ci gaba. Abin da za a yi shi ne a ci abincin dare da wuri, tsakanin magariba da isha, a kuma rufe zuwa wurin mai shayi. Idan abu ɗaya kawai za ki iya cirewa a wannan wata, to lemo ne. Robar lemo ta rabin lita mai cikakken sukari takan ɗauki giram 50 ko fiye, kusan ƙaramin cokali 12, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau sukarin da ake ƙarawa ya tsaya wajen giram 25 a yini. Zoɓo da kunun aya na gida ma sai an rage musu hannu. Sauran gyaran ba ya buƙatar kuɗi: a rage malmalar tuwo a ƙara miya, a yawaita wake da kwaɗon zogale da rama, garau-garau a rage masa mai, a ba shi karin kumallo ko da koko da ƙosai ne domin kada kuɗin tara ya ƙare a fanke da lemo. Tukunya ɗaya za a dafa wa kowa, kada a ware masa kwano kamar majinyaci. Shayin maƙwabciyarki kuwa, ki yi mata godiya ki ajiye. Da yawa daga irinsa gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne yake fita ba kitse ba, kuma bai dace da jikin yaro ba.

Motsa jiki na minti 60 a kullum shi ne abin da Hukumar ta ba da shawara ga 'yan shekara 5 zuwa 17, kuma ba sai an yi shi a zama ɗaya ba. Ya sauka daga adaidaita sahu kafin a ƙaraso gida ya taka sauran, ya koma ƙwallon unguwa da yamma, ya hau keke. Ku da kuke Gwammaja ga Dutsen Dala nan kusa da ku, hawa matakalarsa da safiyar Asabar tare da babansa zai amfani su biyun.

Na bar maganar Tulu a nan ne domin ita ce wadda za ki iya kashewa yau da bakinki. Ki tara ƙannensa ki gaya musu wannan suna ya mutu a gidan, ki tuna musu cewa Allah Ya hana jifan juna da miyagun laƙabi a Suratul Hujurat. Kunyatar da yaro a kan jikinsa ba ta rage masa ko kilo ɗaya, abin da take yi shi ne ta sa ya daina fita wasa don kada a yi masa dariya, ya riƙa ci a ɓoye, ya nemi mafaka a waya cikin dare inda ba wanda yake ganin jikinsa. Mai yiwuwa ma wannan yana cikin abin da yake hana shi kwanciya. Ki sami lokacin da babansa yake cikin nishaɗi, ba a gaban yara ba, ki karanta masa wannan amsa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kalma ɗaya ta yabo daga uba tana yi wa saurayi abin da nasihar uwa ta wata guda ba ta yi. Shi kuma yaron, ko da alkunyar ɗan fari tana hana ki sakin jiki da shi, wannan karon ki zaunar da shi. Kada ki fara da ƙiba ko sakamakon jarrabawa, ki fara da cewa kin lura yana tashi a gajiye kuma kina so ku gyara tare. Ki tambaye shi ko ana tsokanarsa a makaranta, sannan ki yi shiru ki saurara. Idan kin ga ya janye daga abokai, ya daina jin daɗin abin da yake so a da, ko yana furta cewa shi ba shi da amfani, ki faɗa wa likita wannan ma a ranar da kuka je, domin ciwon damuwa yana taɓa barci da ci da karatu a lokaci guda.

Idan barcin ya daidaita, gyangyaɗin aji ne zai fara raguwa, cikin 'yan makonni, hadda ta biyo baya, nauyi kuwa shi ne na ƙarshe kuma a hankali yake tafiya, saboda haka kada ki riƙa ɗora shi a kan sikeli kowace safiya. Yana aji biyu, akwai sauran lokaci kafin WAEC da NECO, kuma idan sun matso kada ki bari ya koma kwanan zaune da sunan karatu. Ki sayi ƙaramin littafi na rubutu ki ba shi ya riƙe da kansa, kowace safiya ya rubuta lokacin da ya kwanta da lokacin da ya tashi da yadda ya ji jikinsa. Ku tafi da littafin da sautin minsharin wurin likita, kuma idan an raba sakamakon zangon nan ki sake rubuto mini in ji yadda ake ciki. Allah Ya ba shi lafiya, Ya buɗa masa karatu.